Kunya ta Tara

Malamar bincike ce ta zo da kalmar, kuma da dariya ta faɗe ta. Ta tsaya a tsakiyar gonar Auta da littafinta a hammata, ta ce daga yau an yaye dankalin nan. Motar ruwan da take zuwa sau biyu a mako ba za ta ƙara zuwa ba. Kunyoyi goma sha biyu ne a gonar, kowace da irin dankalin Turawanta daban da ɗan allo mai lamba a goshinta, ana so a ga wanne ne zai jure ƙishi har ya yi 'ya'ya.

"Ko ɗigo kada ya sha," in ji ta. "Wanda zai mutu ku bar shi ya mutu. Mutuwar ma amsa ce a wurinmu."

Auta ya gyaɗa kai ya ce ya gane sarai. Wallahi bai gane komai ba. Shi a saninsa ba a ba mutum amanar abu sannan a ce ya zuba ido ya lalace, sai dai in gwada hankalinsa ake yi. Ga shi aikin ya riga ya yi masa daɗi. An kafa allo a bakin hanya da hotonsa riƙe da fartanya, an ba shi babur, mutanen unguwa sun daina ce masa Auta sun koma Mai Gwaji. Direban Malama kuma ya raɗa masa cewa masu ba da tallafin za su zo da kansu ranar tono, in ba su ga abin kirki ba a nan aikin zai tsaya.

Yayarsa tana bakin shinge tana jin duk abin da Malama ta ce, ita kuwa ta gane. Ta haura hamsin da biyar, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, shi ya sa ta dawo gidan ƙanin da ta goya. Kowa a gidan Yaya yake ce mata. Ita ke ɗebo ruwan gidan, ita ke shara, kuma ƙugunta na hagu ya daɗe yana yi mata ƙorafi in sanyi ya sauka.

Kwana tara da yayen, ganye ya fara lanƙwashewa. Da safe ya ɗan miƙe, kafin hantsi ya zube kamar tsumma. Ran nan Auta ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna, abin da bai saba yi ba, ta san da magana.

"Yaya, kin ga gonar?"

"Na gani. Ai haka Malama ta ce za a yi."

"Malama albashinta za ta ci, ya mutu ko ya rayu. Mu fa? In suka zo suka tarar da busasshen kara, wa zai ƙara tunawa da gidan nan?"

"To me kake so?"

"Ɗan ruwa kaɗan. A jiƙa masa maƙoshi kawai, ba wai a yi masa ban ruwa ba."

"Ka ɗebo ka zuba mana. Ga babur."

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka gaya wa maganar yara. "Ni? Hotona fa yana bakin hanya. In aka gan ni da jarka a bayan gona, kafin la'asar labari ya isa ofishinsu. Matata kuma ga goyo. Ke kuwa kullum kina hanyar ruwa, Yaya, wa zai dube ki?"

Wannan maganar ta ƙarshe ta fi komai yi mata ciwo, don gaskiya ce. Ta so ta ce masa ha'inci ne, amma wanda yake cin tuwon wani bakinsa nauyi gare shi. Ta ce to.

Auta ne ya tsara yadda za a yi, kuma in don tsara aikin da wani zai yi ne, ba a fi shi ba. Ba a famfon unguwa za ta ɗebo ba, can akwai layi da idanu. Tsohuwar rijiyar da ke cikin kwari za ta je, wadda ake sauka gare ta ta matakalar duwatsu. Ba da safe ba, ba da yamma ba, sai rana ta take tsaka, lokacin da ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Za ta shiga ta ɓarakar shingen baya. A gindin kowace shuka ta tona ɗan rami da tsinke, ta zuba moɗa ɗaya, ta rufe da busasshiyar ƙasa, in ta gama ta share sawunta da reshe.

Ranar farko ta yi sawu huɗu da jarka a ka. Da ta juye ta ƙarshe ta ɗaga kai ta ga kunya ɗaya tal ta gama, wadda take daf da ɓarakar, mai lamba tara. Sauran goma sha ɗayan suna nan a jere suna jiran ta. Ta koma gida tana jan ƙafa ta gaya wa Auta ba za ta iya ba.

Ya yi ɗan tunani, sai fuskarsa ta washe. "Ai ma ya fi. Zakara ɗaya suke nema. In duka suka rayu za a yi zargi. Ki tsaya a kan wannan."

Haka lamba tara ta zama gwarzon dankali. Ba don wani sirri da ke cikin irin ba, don dai ita ce ta fi kusa da inda ƙafar Yaya take iya kaiwa.

A mako na farko ƙugun ne kawai. A na biyu ciwon ya gangaro ta bayan cinya har agara, kamar an zura mata waya mai zafi. Ta fara salla a zaune. In ta sunkuya tonon rami, miƙewa sai ta dafa gwiwa ta ƙirga numfashi. Gammo ya cinye gashin tsakiyar kanta. Rana kuma ba ta san tsohuwa ba, tana dukan ta a hanyar zuwa, ta dake ta a hanyar dawowa, ga ruwan gida yana nan yana jiran ta da yamma, don ba wanda ya ce an ɗauke mata shi.

Ta gwada matar Auta. Ta same ta a inuwa tana ba jariri nono, ta ce, "'Yar nan, ko yau ɗaya ki karɓe ni. Na riƙe miki yaron."

"Ayya Yaya, da na iya ai da na yi. Kin san in na sha rana nonon ƙafewa yake." Ta miƙo mata kwalbar man zafi. "Ki shafa wannan. Kuma ni na ji a rediyo an ce zama ne ke kashe tsofaffi, motsa jiki magani ne."

Ba muguwa ba ce matar Auta, kada a ɗauki alhakinta fiye da nata kason. Takan ajiye wa Yaya abinci a rufe, takan yi mata sannu har sau uku. Sai dai sannu ba ta ɗaukar jarka.

Hutun Yaya ɗaya ne. Malama tana zuwa duk bayan mako biyu, ranar Laraba, don haka tun Lahadi Auta yake cewa a dakata, ƙasa ta bushe sosai. Waɗannan kwana ukun Yaya takan kwanta rigingine a kan siminti, ta ji bayanta yana saki a hankali. Har ta kai tana ƙaunar matar nan da ba ta san komai a kanta ba, don kawai zuwanta ne ke sauke mata kaya.

A zuwa na biyu kunyoyi goma sha ɗaya sun zama toka-toka, ta tara kuwa kore shar, har ta yi fure fari. Malama ta daɗe a tsaye. Ta durƙusa ta cusa yatsa a ƙasa, busasshiya. Ta ƙara turawa kaɗan, sai ta tsaya, ta zare yatsan ta goge a jikin littafinta ba tare da ta dube shi ba. Yaya tana bakin shinge, ta ga wannan da idonta.

Da suka dawo gida shan ruwa, Malama ta ga yadda Yaya ke tafiya, ƙafar hagu tana biyo ta a baya.

"Mama, ƙafar fa? Wancan zuwan ba haka kike ba."

Yaya ta buɗe baki. Auta ya riga ta. "Tsufa ne, Malama. Mun yi mun yi ta zauna ta huta, ta ƙi. Kin san mutanen da."

Malama ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma kan maganar da ke cin ta. Ta ce a sauran ƙauyuka biyar da ake gwajin komai ya mutu, har lamba tarar. Nan ne kaɗai ta tsaya. Wataƙila ƙasar wurin ce, wataƙila inuwar shinge. Na'urar auna damshi ta lalace tun bara, ba a sake saya ba. Shekara huɗu ke nan suna wannan aiki, mutum tara ke ci a ƙarƙashinsa, kuma masu tallafi sun gaji da jin "ana kan bincike". Ba Auta take gaya wa ba, kanta take lallashi, Yaya ta gane haka don ita ma ta san irin wannan muryar.

Bayan tafiyarta Yaya ta tare ƙaninta a zaure.

"Auta, ƙafar nan ta fara mutuwa. Jiya takalmina ya fita a hanya, ban sani ba sai da na ga jini a yatsa."

"Saura mako uku, Yaya. Yanzu ne yake saka 'ya'ya, in aka bari yanzu duk wahalarki ta tashi a banza."

"Ka kai ni asibiti a duba."

"Za a je. Da an tone, ni da kaina zan ɗauke ki. Kina gani kamar don kaina nake yi? Rufin gidan nan da kike kwana a ciki, da me za a gyara shi? Ki yi haƙuri, ladanki yana wurin Allah."

Abin da ya fi ba ni haushi da irin su Auta ke nan. Su ɗora wa mutum kaya, sannan su tura shi wurin Allah karɓar lada, kamar su ne suka ɗauke shi aiki a madadinsa.

Saura kwana goma sha biyu a yi tono abin ya faru. Sawu na uku ne. Ta cika jarka, ta ɗora da ƙyar, ta fara hawa matakalar. A dutse na shida ta taka da ƙafar hagu, ƙafar ba ta gaya mata ta taka gefe ba. Ta tafi da baya, jarkar ta biyo ta. Ta ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayanta, ba da ƙarfi ba, kamar an karya ɗanyen kara. Ruwan ya kwarare a jikinta ya bi duwatsu. Ta yi yunƙurin tashi, daga ƙugu zuwa ƙasa babu wanda ya amsa mata.

A nan ta kwanta har rana ta karkata, don Auta ya zaɓi lokacin da ba kowa a hanya, kuma ya iya zaɓe. Wata mai wanki ce ta same ta, ta kira mijinta, suka kawo ta gida a baro.

Auta ya yi musu godiya sosai, ya raka su har waje. Da ya dawo ya sunkuyo kanta, idonsa ya yi ja, don ba za a ce bai ji tsoro ba.

"Sannu Yaya. Sannu." Ya rage murya. "Sun tambaye ki me ya kai ki can?"

Ta rufe ido.

Ba a je asibiti ran nan ba, ba a je washegari ba. Auta ya ce asibitin da ke da na'urar hoton ƙashi tafiyar yini ce, in aka kwantar da ita dole ya zauna, ga baƙi na tafe, ga rumfa ba a kafa ba. Ya ce kuma a asibiti tambaya gare su, ina kika faɗi, me kike ɗauke da shi. Ya kawo mai kemis ya yi mata allura, ya ce buguwa ce, za ta saki. Matar Auta tana juya ta safe da yamma, tana canza mata shimfiɗa tana toshe hanci a ɓoye, don fitsari ya daina yi wa Yaya sallama. Wannan ya fi ciwon ci mata rai. Mace mai tsabta, wadda ko gidan mutane ba ta yarda ta kwana, yau ga ta a kwance tana jira a zo a goge ta.

Dankalin kuwa ya riga ya ƙosa, ba ya bukatar kowa.

Ranar tono tana kwance tana jin komai ta taga. Motoci, lasifika, wani yana magana da baƙon harshe wani yana fassarawa. Ta ji an kira Mai Gwaji, ta ji muryar ƙaninta tana rawa don daɗi, yana cewa shi dai bin ƙa'ida ya yi, ko ɗigo bai zuba ba. Wannan kam bai yi ƙarya ba. Sai ta ji tafi ya tashi, ta san an tone kunya ta tara. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wannan ta yi fure ta kuma yi 'ya'ya manya-manya, har ana ɗaga su sama ana ɗaukar hoto.

Kwana biyu bayan haka Auta ya cika alkawari ya kai ta asibiti. Likitan ya ɗaga hoton ya duba, ya soka mata allura a tafin ƙafa, a ƙwauri, a cinya. Yaya tana kallon allurar tana shiga kamar a jikin wata.

"Yaushe ta faɗi?"

"Bai daɗe ba," in ji Auta.

"Mako biyu," in ji Yaya.

Likitan ya ajiye hoton ya dubi Auta har sai da Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce ƙashin baya ne ya goce ya danne jijiya. Da an kawo ta a kwana ɗaya ko biyun farko, da akwai abin da za a gwada. Yanzu sai dai a riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo. A mota Auta ya yi ta kuka, yana cewa ƙaddara ta riga fata. Yaya ba ta yi kuka ba, ta gaji ne kawai, gajiyar da ba ta taɓa jin irinta ba.

Bayan wata guda Malama ta zo gaishe ta da sabulu da gwangwanin madara. Ta zauna a bakin katifa, ta ce ta ji abin da ya faru, Allah ya sa kaffara ne. Auta yana waje yana magana da direba. Yaya ta ga in ba yanzu ba, babu wani lokaci.

"Malama, dankalinki bai jure komai ba. Ni na shayar da shi. Jarka huɗu kullum, daga rijiyar kwari, ban da kwana uku kafin ki zo. A can na faɗi."

Malama ba ta yi mamaki ba, kuma rashin mamakin ya ishi Yaya amsa. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Mama, rahoto ya riga ya tafi. Sun amince da ƙarin shekara uku. Bana za a raba irin a ƙauyuka arba'in."

"Zai mutu a hannunsu."

"Wataƙila ba duka ba." Muryarta ta yi ƙasa. "In na buɗe baki yau, rufe aikin za a yi gaba ɗaya, kuma ba za a sake ba wa yankin nan ko sisi don bincike ba. A shekara ukun nan za mu iya gano na gaskiyar. Ki fahimce ni, Mama, ba don kaina ba ne."

"Haka Auta ma ya ce." Yaya ta juyar da kai ta dube ta sosai. "To in za ku raba, ki rubuta musu yadda ake noma shi, kada ku cuce su. Ki ce kowane buhu yana bukatar tsohuwa ɗaya wadda ba ta da wurin zuwa."

Auta ya ɗaga labule daidai nan. Ya dubi yayarsa, ya dubi Malama, ya yi murmushi. "Tun da ta kwanta take sambatu, Malama, kada ki damu. Maganin ne yake hawa mata kai."

Malama ta tashi. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita ba ta waiwayo ba. A tsakar gida Yaya ta ji tana gaya wa Auta cewa an zaɓi gidansa ya zama wurin ajiyar irin kafin a raba, sai a nemi ɗaki mai sanyi, mai duhu, wanda iska ke ratsawa, don zafi yana sa dankali ya tsiro ko ya ruɓe.

Ɗaki ɗaya ne irin wannan a gidan, kuma Yaya ta san wanne ne, tana kwance a cikinsa.

Ranar Asabar motar da ta ɗauko irin ta iso. Auta ya shigo da matarsa, yana ta bayani tun daga ƙofa. Na ɗan lokaci ne. Rumfar da ke gefen madafa ta fi iska, za ta riƙa ganin mutane, zaman ɗaki shi ke ƙara wa majinyaci ciwo. An kewaye mata da buhu saboda rana. Ya kama katifar ta wajen kai, matarsa ta kama ta wajen ƙafa, suka ɗaga. A bakin ƙofa katifar ta lanƙwashe, ƙafafunta suka zame suka bugi dokin ƙofa, suka bi ƙasa suna jan turɓaya. Ba wanda ya lura, ita ma da ido ta gani.

Suka ajiye ta a rumfar, inda kwanon rufi ya riga ya ɗauki zafi tun hantsi. Daga nan tana hango masu dako suna shiga ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, kowa da buhu a kafaɗa, kowane buhu da lamba tara da jan fenti. Wani ya gaji ya saki nasa a bakin ƙofa ya faɗi tim.

Auta ya taso da sauri, ransa a ɓace. "Kai, a hankali mana. Ku riƙa sauke shi kamar ƙwai. Abin nan rai gare shi, in ya bugu ba ya warkewa."